Bahaguwa da Mai Fanka

Yana saman tsani, da sukudireba a baki, lokacin da ya fara ganinta.

An kira shi ne ya gyara fankokin kulob ɗin ƙwallon tebur da ke bayan gidan mai, wani dogon zaure mai tebura huɗu da fentinsa ya soma ɓarewa. Ranar Asabar ce bayan la'asar, kuma zuwansa ya dace da gasar zumunci da suke yi ƙarshen kowane wata. An jera kujerun roba, an ajiye fulas ɗin shayi da kwalin biskit a kan benci, mutane sai shigowa suke da iyalansu.

A tebur na biyu wata budurwa ce ke wasa. Doguwar riga ruwan toka, ɗankwali ɗaure tam, katakon bugu a hannun hagu. Ba ta tsalle, ba ta ihu. Wuyan hannunta kawai take ɗan karyawa, sai ƙwallon ta tafi kamar za ta fita, ta lanƙwaso, ta sauka daidai bakin tebur. Sau uku abokin wasanta yana kai duka yana dukan iska.

Ya daɗe yana kallo kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Ya sauko, ya danna makunni don ya gwada aikinsa.

Fankar ta tashi da ƙarfinta. Iska ta kwashi ƙwallon da budurwar ta buga, ta kai ta cikin kofin shayin wani dattijo.

Zauren ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta juyo, ta riƙe ƙugu.

"Malam! Mai fanka! Don Allah kashe mana abin nan!"

Ya kashe da sauri har yana tuntuɓe da tsani. "Ki yi haƙuri, ban san tana hana wasa ba."

"Ƙwallon nan ko numfashi ka yi mata da ƙarfi sai ta canza hanya," in ji ta. Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. "Amma dai ka iya gyara, wannan kam na shaida."

Yana haɗa kayansa Sakataren kulob ya tare shi, wani tsohon malamin makaranta mai usur a wuya.

"Samari, mutum ɗaya muke nema. Bibbiyu ake wasan yau, lissafi ya ƙi cika. Ka taɓa bugawa?"

"Tun ina firamare, a kan ƙyauren da aka ɗora bisa bulo."

"Ai ka fi rabin mutanen nan ƙwarewa. Kawo sunanka."

Aka zuba takardu a hula, aka yi ƙuri'a. Da Sakatare ya karanto, sai ga shi an haɗa Mai Fanka da Bahaguwa, sunan da kowa ke kiranta da shi a kulob ɗin. Ta dafe kai.

"Yau na shiga uku. Zo nan, Mai Fanka. Ba haka ake riƙewa ba, ba filaya ba ce."

An cinye su tun zagayen farko, goma sha ɗaya da huɗu, kuma duk maki huɗun ita ta ci. Sau biyu yana taka mata ƙafa. Amma bai taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba, don duk lokacin da ya zubar sai ta ce, "Ba komai, ta gaba," kamar da gaske take jiran ta gaban.

Bayan wasan ta zuba shayi kofi biyu, ta kai ɗaya wa dattijon nan da ƙwallo ta faɗa wa kofi. Ta durƙusa, ta buɗe masa yatsun hannun dama ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa kofin a ciki.

"Babana ne," ta ce da ta ga yana kallo. "Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni a sashen gashin ƙashi nake aiki a asibiti. Duk atisayen da na sa shi ya ƙi, wai wasan yara ne. Da na kawo shi nan na ba shi katako, sai ga shi yana neman ƙari."

"Ƙarya take yi mini," in ji Baba, maganarsa na ɗan ja. "Ita ce ke son wasan, ta fake da ni."

Kafin magariba aka tashi. Mai Fanka ya je gida da lambarta a waya, da hujjar cewa ko fankar za ta sake ba da matsala.

Washegari da safe ya tura saƙo:

"Barka da safiya, Bahaguwa. Ina tambayar lafiyar ƙafar da na taka. Idan tana buƙatar gyara, ina da kayan aiki."

Ta amsa:

"Ƙafa lafiya lau. Hannunka ne ke buƙatar gyara. Talata da Alhamis ƙarfe biyar ake koyo. Ka zo da takalmi mai laushi, don Allah."

Ya zo Talata, ya zo Alhamis, ya zo wadda ta biyo baya. Wata uku bai fasa ba. Hannunsa bai wani gyaru sosai ba, amma ya koyi wasu abubuwa. Ya koyi cewa tana cizon leɓe idan za ta murɗa ƙwallo. Ya koyi cewa kafin ta buga da kowa, sai ta yi rabin awa tana jefa wa Baba ƙwallo a hankali, ɗari bayan ɗari, tana tsince su da kanta, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ya soma zuwa da wuri don ya taya ta tsinta.

Wata Alhamis suna durƙushe a ƙarƙashin tebur suna neman ƙwallo ɗaya, ya ce, "Hagu."

"Na'am."

"Ni fa ba wasan ne ke kawo ni ba."

Ta miƙo masa ƙwallon ba tare da ta dube shi ba. "Ai na sani. Wanda wasa ke kawowa, da yanzu ya iya."

"To me kika ce?"

"Na ce ka fito daga ƙarƙashin tebur tukuna. Baba na kallonmu."

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Abin da ka faɗa ɗazu, na ji, na kuma karɓa hannu bibbiyu, har da na daman da ba na amfani da shi. Allah ya sa alheri ne, Mai Fankata."

Ya karanta ya fi sau goma, yana tsaye a tsakar shago, kwastoma na jiran injin wankinsa.

Amma akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Zakara suke ce masa, don shekara uku a jere yana lashe kofin kulob. Yana da shagon sayar da wayoyi, yana da katako mai jaka ta musamman, kuma ya daɗe yana faɗa wa abokansa cewa babu wadda ta dace da shi sai Bahaguwa. Ita bai taɓa tambayarta ba.

Wata rana ya gurɗe wuyan hannu a wajen koyo. Bahaguwa ta ɗauko bandeji a jakarta ta naɗe masa, kamar yadda take yi wa duk wanda ya ji ciwo. Ashe ya sa an ɗauki hoto. Ya tura shi zauren kulob na waya, ya rubuta a ƙasa: "Mai kula da ni."

Mai Fanka na cin abinci a gida lokacin da hoton ya shigo, wayarsa a kan tabarma, mahaifiyarsa a gefensa.

Umma mace ce mai tsauri, kuma ba a banza ba. Shekara shida ta yi tana jinyar mijinta da irin ciwon Baba, tana juya shi, tana ba shi abinci a baki, har Allah ya karɓi abinsa. Ita kaɗai ta raini ɗan nan da keken ɗinki. Tun ranar da ya gaya mata ya ga yarinya a gidan wasa ranta bai kwanta ba.

Ta ɗauki wayar ta ƙura ido. "Ita ce wannan?"

"Ita ce, Umma. Amma aikinta ne..."

"Aikinta ne riƙe hannun samari ana ɗaukar hoto? Ni dama na faɗa maka. Yarinyar da take yini cikin maza tana guje-guje a bayan ƙwallo, yaushe za ta zauna ta riƙe gida? Ban haife ka don ka zama abin dariya ba. Ka nemi wata."

Bai iya musu da ita ba. Abin da ya fi muni, hoton ya tsaya masa a rai shi ma. Talata bai je ba. Alhamis bai je ba. Bahaguwa ta kira sau biyu, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo:

"Idan hoton nan ne, ka zo ka tambaye ni da bakinka. A satin nan na naɗe hannun mutum goma sha huɗu, har da tsohuwa mai shekara tamanin. Idan duk wanda na naɗe wa hannu masoyina ne, to ka shiga layi. Ban zaci za ka yi mini shiru ba. Baba ya tambaye ka sau uku."

Kunya ta rufe shi. Ya ajiye aikin da yake yi, ya tafi ƙofar asibiti ya jira ta tashi.

"Hagu, na yi kuskure. Kishi ne ya rufe mini ido."

"Kishi ba laifi ba ne. Shirun ne laifi."

"Ba zan ƙara ba."

Ta sauke numfashi. "Na yi wa Zakara magana a gaban Sakatare, ya goge hoton. Saura me?"

Ya sunkuyar da kai. "Saura Umma. Ta gani. Ta ce in nemi wata."

Ya zaci za ta yi kuka ko ta yi fushi. Sai ta gyara riƙon jakarta ta ce, "Uwa ce, tana da gaskiyarta. Hoto ta gani, ba ni ta gani ba. Asabar ta sama akwai gasa. Ka roƙe ta ta zo ta zauna awa ɗaya. Idan ta gani ta ce a'a, wallahi ba zan shiga tsakaninka da ita ba."

Kwana uku yana lallashi. A ƙarshe Umma ta ce, "Zan je. Ba don komai ba, sai don in nuna maka abin da nake faɗa da idonka."

Ranar Asabar zauren ya cika fiye da kullum. Umma ta zaɓi kujera can baya kusa da ƙofa, ta rungume jakarta a cinya, ta ƙi shayi, ta ƙi biskit. Bahaguwa ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Umma ta amsa da "Lafiya" ɗaya tak.

Sakatare ya busa usur. "Jama'a, yau muna da sabon ɗan wasa. Shekara biyu yana koyo a gefe, yau ya ce a sa sunansa. Ya kuma kafa sharaɗi, 'yarsa ce abokiyar wasansa, ba ruwansa da ƙuri'a."

Baba ya jingine sandarsa da bango, ya taka zuwa tebur a hankali. Aka yi ta tafi.

Aka jawo takardun waɗanda za su kara da su. Sakatare ya duba, ya yi tari. "Zakara, da Mai Fanka."

"Wannan hular taka a bincike ta!" wani ya yi ihu daga baya.

Baba ya nuna Mai Fanka da katako. "Kai, yaro. In ka tausaya mini, ba ni ba kai."

"Baba, ko na so in tausaya, ban iya ba."

A wasan bibbiyu karɓa-karɓa ake yi, kowa sai ya buga tasa, babu mai buga wa wani. Don haka Bahaguwa ba ta da ikon tare wa mahaifinta ko ƙwallo ɗaya. Abin da kawai za ta iya shi ne ta buga tata ta yadda duk wanda ya mayar, dole ta zo wa Baba inda hannunsa zai kai.

Haka ta yi ta yi. Ta aika gajera, ta aika doguwa, ta murɗa ta can kusurwa, kullum ƙwallon na dawowa gaban Baba a hankali kamar an aiko ta gaisuwa. Da zarar ta buga sai ta zame gefe ta ba shi fili, hannunta na dama a buɗe a bayansa ba tare da ta taɓa shi ba, ko da zai yi tangaɗi. Suka ci zagayen farko.

A na biyu Zakara ne ke mayar wa Baba, kuma bai zo da wasa ba. Ya yi ta aika ƙwallo ɓangaren da ƙafar dattijon ba ta saurin kaiwa. Sau ɗaya Baba ya kusa faɗuwa. Bahaguwa ba ta ko kalli Zakara ba. Ta nemi hutu, ta share wa mahaifinta gumi, ta murza masa yatsu, ta raɗa masa wani abu a kunne har ya yi dariya. Aka cinye su goma sha ɗaya da biyar.

Umma ta sauke jakarta ƙasa. Ta matso kujera ɗaya gaba.

Zagaye na uku aka yi ta ja-in-ja. Bakwai da bakwai. Tara da tara. Mai Fanka ya kai duka da iya ƙarfinsa, ƙwallon ta tsaya a raga. Goma da tara.

Bahaguwa ta ɗora ƙwallon a tafin hannu, ta ciji leɓe. Ta yanka ta ta ƙasa da wani irin murɗi, ta tsallake raga da ƙyar, ta noƙe. Zakara ya miƙe har cikinsa na taɓa tebur, bai samu yadda zai yi ba sai ɗaga ta sama.

Ƙwallon ta tashi, ta yi lilo, ta sauko gaban Baba.

"Buga, Baba! Buga!"

Muryar daga baya ta fito. Baba ya ɗaga hannun nan da likitoci suka ce da wuya ya ƙara riƙe cokali, ya maka mata duka. Ta daki tebur, ta wuce tsakanin samarin biyu, ta bugi bango.

Zauren ya kaure. Sakatare ya yi ta busa usur ba dalili. Mai Fanka ya manta shi aka cinye, ya jefar da katako ya rungume Baba. Da ya waiga neman mai ihun nan, sai ya ga Umma a tsaye, mayafinta ya zame kafaɗa, tana share ido.

Zakara ya zagayo ya miƙa wa Baba hannu biyu. Sannan ya dubi Bahaguwa. "Wannan bugun ban taɓa ganin irinsa ba. Maganar hoto kuma, ban kyauta ba. Ku yafe ni, ku biyun."

"Ya wuce," in ji ta.

Ta zaunar da mahaifinta, ta durƙusa tana cire masa takalmi don ƙafar ta huta. Ba ta san Umma na tsaye a kanta ba sai da ta ji an ce, "'Yata."

Ta ɗago da sauri.

"Shekara nawa kina wannan?"

"Biyu, Umma."

"Kullum?"

"Safe da yamma. Nan kuma sau biyu a sati."

Umma ta kama hannun hagun yarinyar, ta juya shi, ta shafa kantar da ke gindin yatsu. "Na yi shida. Nawa bai tashi ba. Na san nauyin abin da kike ɗauka, babu mai gaya mini." Ta ƙara riƙe hannun. "Na faɗi magana a kanki ban san ki ba. Ki yafe mini."

"Haba Umma, ba ki yi mini komai ba."

Umma ta juya ga ɗanta, ta dawo da tsaurinta. "Kai kuma, wata uku kana zuwa nan, abin da ka iya ke nan? Ƙwallo a raga?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Hajiya, ki bar shi. Wajen tsince ƙwallo babu kamarsa."

Bayan sati biyu kawunnan Mai Fanka suka je gidan Baba. Ba a ja magana ba. Baba ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a raba shi da 'yarsa da nisa. Mai Fanka ya kama gida a layi na biyu daga nasu, tafiyar minti biyar ko da sanda.

Ana gobe ɗaurin aure ya tura mata:

"Hagu, gobe war haka kin zama tawa. Ban iya wasa ba, ban iya magana ba. Abin da na iya shi ne zuwa da wuri da rashin fashi. Shi na kawo miki, har ƙarshen rayuwa."

Ta amsa:

"Shi nake so, ba na neman ƙari. Ka yi aski, ka goge takalmi, kada ka makara. Amaryarka."

Aka ɗaura aure da hantsi, 'yan kulob kaf suka zo, Sakatare har da usur ɗinsa a aljihu. Da yamma aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa a gabansa tana kuka, angonta a gefe.

Baba ya dafa kanta. "Kin ɗauke ni lokacin da na kasa ɗaukar kaina. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki fiye da haka." Ya dubi angon. "Kai kuma, na ba ka abin da ya fi komai tsada a gidan nan. Ka riƙe da kyau."

"In sha Allahu, Baba."

Umma ce ta kama hannun amarya ta tashe ta, ta gyara mata mayafi, ta share mata hawaye da gefen nata.

"Ya isa haka, 'yata, kada ido ya kumbura. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku, ya haɗa kanku har tsufa."

Ɗakin ya amsa da amin. Umma ba ta saki hannun ba har suka fita ƙofa.